Yadda Sabon Ɗan Wasa Zai Kafa Kamfanin Jirgin Ƙasa Mai Riba a OpenTTD

Tun daga watan Fabrairun 2021, lokacin da aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallako iyaka, maganar jirgin ƙasa ba ta bar bakin mutanen Maradi ba. Wanda yake so ya gane dalilin da ya sa wani layi yake ciyar da kansa, wani kuma ciyawa take rufe shi, zai ƙaru ƙwarai da wasan kwamfuta da ake kira OpenTTD, inda ɗan wasa yake shimfiɗa layin dogo, ya gina tashoshi, ya sayi jirage, ya yi jigilar kaya da fasinja domin neman riba. Asalinsa wasan Transport Tycoon Deluxe ne, wanda Chris Sawyer ya fitar a 1995, daga baya masu aikin sa-kai suka sake gina shi suka fara raba shi kyauta a 2004. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma tana ɗaukarsa, ba ya buƙatar intanet da zarar an sauke shi, kuma ana iya sa shi cikin Faransanci ko Ingilishi. Akwai motoci da jiragen ruwa da na sama a cikinsa, amma a kan jirgin ƙasa wannan bayani zai tsaya, domin shi ne yake kawo kuɗi mafi yawa ga wanda ya iya shi, kuma shi ne yake karya wanda ya shige shi da ka.

Abin da ake nufi da cin wasan

Idan ba a taɓa saitinsa ba, wasan yana farawa a shekarar 1950, kuma ana yanke hukunci a ƙarshen 2050 bisa maki 1,000. Yana da kyau sabon ɗan wasa ya san yadda aka kasa waɗannan maki tun kafin ya sayi tarago ko ɗaya, domin mutane da yawa suna zaton tara kuɗi a asusu shi ne nasara, alhali fam miliyan 10 a asusu maki 50 kawai suke kawowa. Kaso mafi girma, wato maki 400, yana zuwa ne daga yawan kayan da kamfani ya isar cikin shekara guda, kuma sai ya kai awo 40,000 kafin ya cika su. Sauran makin sun rarrabu tsakanin yawan abubuwan hawa masu kawo riba, da yawan tashoshi, da kuɗin shiga na kowane wata uku, da ɗaukar kaya iri takwas, da rashin bashi a kai. Ke nan kuɗin da aka samu aikinsa shi ne ya koma cikin ƙarfe da taragai, ba ya kwanta ba.

Kafin a fara, a zaɓi yanayin ƙasa mai matsakaicin sanyi, wato koren nan na farko a jerin huɗu. Ɗan Maradi zai ji sha'awar zaɓen yanayin hamada saboda ya yi kama da gida, amma a can babu kwal, kuma garuruwan da suke cikin rairayi ba sa girma sai an kai musu abinci da ruwa, wanda aiki ne na wanda ya riga ya ƙware. A bar taswira a girmanta na 256 sau 256, a sa ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, a rage ruwa, a cire abokan gasa na kwamfuta a wasan farko. Lalacewar jirage kuma a bar ta a matakin da aka sassauta, ko a kashe ta gaba ɗaya har sai an iya sarrafa sigina. Wanda yake so ya ga kuɗinsa da sefa yana iya ƙirƙirar nasa kuɗi a saiti, amma alƙaluman da ke nan da fam ɗin Ingila suke.

Yadda ake biyan kuɗin kaya

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su ba da kuɗin da jirgi yake samu idan ya sauke kaya: irin kayan, yawansu, nisan da suka yi, da kwanakin da suka ɗauka a hanya. Nisan da ake lissafawa shi ne tazarar da ke tsakanin tashar da aka ɗauko kayan da tashar da aka sauke su, ba tsawon ƙarfen da aka shimfiɗa ba, saboda haka layin da ya yi ta kewaye-kewaye ya ci kuɗin gini ne kawai ya kuma ɓata lokaci. Kwanakin hanya kuwa ba su shafi kaya daidai wa daida ba. Fasinja da dabbobi da kayan masana'anta darajarsu tana zubewa da sauri, amma kwal da katako da tama da ɗanyen mai suna jure doguwar tafiya ba tare da farashinsu ya faɗi sosai ba. A cikin jadawalan wasan akwai wanda yake nuna wannan da layuka masu launi, kuma minti biyu da mutum zai yi yana dubansa sun fi masa sa'a guda ta gwaji.

Daga nan ne shawarar da ta fi kowace muhimmanci take fitowa: layin farko ya zama na kwal, daga mahaƙa zuwa tashar wutar lantarki, kuma ya zama mai nisa. Kwal yana da farashi mai kyau, ba ya gaggawa, tashar lantarki tana karɓar duk abin da aka kawo mata, kuma tarago iri ɗaya ake buƙata. A duniyar gaske akan gina tashar lantarki a bakin mahaƙa domin a huta da jigila, kamar yadda kamfanin kwal na Nijar, SONICHAR, ya yi a Anu Araren kusa da Cirozerin, inda kwal ɗin da aka haƙa a wurin yake ba Agadas da mahaƙun Arlit wuta. A wasan kuwa kai ɗan jigila ne, nisan nan shi ne abincinka, don haka tashar lantarkin da ke maƙwabtaka da mahaƙa ba ta da amfani a gare ka.

Layin farko

Da zarar taswira ta buɗe, ka tsayar da lokaci da maɓallin F1, ka buɗe ƙaramar taswira ka sa ta nuna masana'antu. Ka danna kowace mahaƙar kwal ka ga tan nawa take fitarwa a wata, ka nemi wadda ta kai tan 120 ko fiye, kuma idan ka samu biyu ko uku kusa da juna to ka dace, domin layi ɗaya zai ɗauke su duka nan gaba. Sannan ka nemi tashar lantarki da ke nesa da ita da kamar gida 60 zuwa 100, ina nufin murabba'an da aka raba ƙasar wasan da su. Abin da ya gaza haka ribarsa kaɗan ce, abin da ya zarce haka kuma kuɗin farko ba zai kai ka ba. Ka bi hanyar da ido tun daga farko har ƙarshe kafin ka sa ƙarfe ko ɗaya, kana lura da tudu da kogi da gari. Idan dole ne a hau tudu, gara jirgi ya hau shi lokacin da yake komawa fanko.

Kamfani yana farawa da rancen fam 100,000, kuma a saitin da aka saba ana iya ƙarawa har 300,000, da kuɗin ruwa tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari a shekara. Sabon ɗan wasa yakan ji tsoron bashin nan ya yi ta ƙoƙarin biyansa tun wata na farko, kuma wannan shi ne yake sa shi ya shekara goma da jirgi ɗaya. Layin kwal mai kyau yana mayar da abin da aka kashe masa cikin ƴan shekaru kaɗan, ribar da ta ninka kuɗin ruwan sau da yawa, saboda haka ka karɓi abin da aikin yake buƙata, ka bar biya sai lokacin da kuɗi suka fi ƙarfin abin da kake iya ginawa. Abin da za ka kiyaye shi ne kada gini ya cinye komai ka rasa na sayen jirgi. Ka ware kuɗin kan jirgi biyu da taragansu tun farko, sauran ne na ƙarfe.

Wuraren da kuɗin gini yake zurarewa sanannu ne: yanke tudu da cike kwari, doguwar gada, ramin da ke ratsa dutse, da rushe gonaki da gidaje. Cike ruwa ya fi su duka tsada, kuma danna ɗaya cikin kuskure a bakin teku yana iya kwashe rabin jarinka. Idan ka riƙe maɓallin Shift yayin da kake danna wani aiki, wasan zai gaya maka kuɗinsa ba tare da ya aiwatar ba, kuma ya kamata wannan ya zama ɗabi'arka a shekarun farko. Game da kwana kuma, ka guji mai kaifi. Kwanar da ta karye kamar kusurwar ɗaki tana mayar da gudun jirgi kilomita 61 a sa'a, lanƙwasa biyu a manne da juna suna mayar da shi 88, amma idan ka bar tazarar tsawon jirgi tsakanin lanƙwasa da lanƙwasa ba zai rage gudu ba.

Tashar jirgin ƙasa tana jawo kaya daga gida huɗu a kowane gefe nata. Lokacin gina ta ka kunna alamar da ke nuna iyakar wannan yanki, ka karanta abin da aka rubuta cewa tana samarwa da abin da take karɓa. Idan ba ka ga kwal a jerin abin da tashar saukewa take karɓa ba, kada ka gina ta a nan. Ka ba kowace tasha dandamali biyu masu tsawon gida biyar zuwa bakwai. Kowane tarago rabin gida ne, don haka dandamali mai gida bakwai yana ɗaukar kan jirgi da taragai 13, kuma jirgin da ya fi dandamalinsa tsawo yana daɗewa ƙwarai wajen lodi. Taragon kwal tan 30 yake ci. A 1950 akwai ƙaramin kan jirgi mai arha, Kirby Paul, wanda ba ya wuce kilomita 64 a sa'a kuma ba shi da ƙarfin jan kaya, sai Chaney Jubilee mai 112 da Ginzu A4 mai 128. A dogon layi arhar Kirby Paul tsada ce, ka ɗauki ɗaya daga cikin biyun nan.

Makin tasha, inda riba take ɓuya

Wannan ne ɓangaren da sababbi suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba kamfani mai tafiya da mai rarrafe. Mahaƙa ba ta ba tasharka duk abin da ta haƙa. Tana ba ta ne gwargwadon makin da tashar take da shi cikin ɗari, saboda haka mahaƙar da ke fitar da tan 150 za ta ba tasha mai maki 40 kimanin tan 60 kawai, sauran su tafi a banza. Abin ya yi kama da manomin da yake kai buhunansa kasuwar ƙauye: direban da ya san zai tarar a tasha kowace ranar kasuwa shi yake ba lodi. Makin yana hawa idan ba a daɗe ba a zo ɗaukar kaya, idan kaya ba su taru jingim suna jira ba, idan jirgin da ya zo na ƙarshe mai gudu ne, kuma idan sabo ne. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, kayan da ke jibge a tashar ma sai su fara ɓacewa.

Maganin wannan shi ne umarnin cika lodi. A jerin umarnin jirgi, ka sa shi ya tsaya a tashar mahaƙa har sai ya cika, abin da ake samu cikin sauƙi ta riƙe Ctrl yayin danna tashar. Muddin akwai jirgi tsaye yana lodi, wasan yana ɗaukar cewa ana kula da tashar. Shi ya sa aka ce a ware kuɗin jirgi biyu: ɗaya yana hanya, ɗaya yana bakin mahaƙa, kuma a dogon layi za ka ƙara na uku da na huɗu har sai ya zama duk lokacin da wani ya tashi wani yana shigowa. Ribar ba ta tsaya nan ba, domin mahaƙar da ake kwashe fiye da kashi 60 cikin ɗari na abin da take fitarwa ta fi yiwuwar ƙara haƙa fiye da ragewa, idan aka haura 80 kuma yiwuwar ta ƙara ƙarfi. Cikin shekaru ashirin mahaƙar da aka riƙe da kyau tana iya ninka kanta, wadda aka yi wa sakaci kuma ta yi ta ja da baya. Daga baya, idan kuɗi sun samu, gina gunkin mai kamfani a garin da tashar take ƙarƙashinsa yana ƙara kimanin maki goma ga duk tashoshinka na wannan gari.

Sigina

Ba tare da sigina ba, wasan yana ɗaukar layin duka a matsayin yanki ɗaya, jirgi na biyu kuma ba zai fito daga gareji ba muddin na farko yana kan ƙarfe. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce layi biyu a jere, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, da siginar hanya mai fuska ɗaya a kan kowanne, tana kallon jirgin da ke zuwa. Ka ja siginar da linzamin kwamfuta a kan layin, wasan zai jera su da tazara daidai. A gaban kowace tasha ka haɗa layukan biyu da gicciye domin jirgi ya iya shiga kowane dandamali ya kuma fita ta layin dawowa, ka sa sigina ɗaya kafin gicciyen a layin shigowa, kada ka sa komai tsakanin gicciyen da dandamali.

Ƙa'ida ɗaya ce take hana cunkoso: sigina wurin tsayuwa ce, don haka kada ka dasa ta a inda jirgin da ya tsaya zai tare wa wani hanya. Bayan kowace mahaɗa, sigina ta farko ta kasance nesa da ita da aƙalla tsawon jirginka mafi tsawo, domin wutsiyarsa ta fice gaba ɗaya kafin ya tsaya. Idan ka ga jirage biyu sun yi cirko-cirko suna kallon juna, kada ka danna maɓallin da ke tilasta wa jirgi ƙetare jar sigina, domin ta nan ne yawancin haɗurra suke faruwa. Ka juya ɗaya ya koma gareji, sannan ka gyara siginar.

Hukumar gari

Kowane gari yana da ra'ayi a kan kamfaninka. Sare itatuwa da rushe gine-gine a yankinsa suna ɓata wannan ra'ayi, kuma idan ya lalace ma'aikatar magajin gari za ta hana ka gina tasha. Saboda haka idan za ka shiga gari, ka fara gina tashar tukuna, sannan ka jawo layi zuwa gare ta. Idan an riga an hana ka, dasa itatuwa masu yawa a filayen garin yana gyara al'amarin da kuɗi kaɗan.

Faɗaɗa kamfani

Layi na biyu ya fi kyau ya zama reshe daga wata mahaƙar zuwa babban layin da ka riga ka gina, domin rabin aikin an gama shi. Bayan haka ka shiga kayan da ake sarrafawa, inda jigila ɗaya take haifar da wata. Katako daga daji zuwa ma'aikatar yankan katako yana fitar da kayan sayarwa. Tama zuwa ma'aikatar ƙarfe tana ba da ƙarfe, ƙarfen ya tafi masana'anta, masana'antar ta fitar da kayan da manyan garuruwa suke karɓa, ka ga an biya ka sau uku a kan abu ɗaya. Hatsi da dabbobi daga gona su ma masana'antar nan suke zuwa, sai dai kowanne da irin taragonsa. Rijiyoyin mai na kan tudu a wannan yanayi ba sa ƙaruwa, raguwa suke yi har su rufe, don haka kada ka kashe musu dogon layi. Kafin ka kai kayan masana'anta wani gari, ka tabbata tashar ta nuna tana karɓarsu, domin ƙaramin gari ba ya karɓa.

Kada ka shimfiɗa layi saboda taswira ta yi kyau, ko saboda kana fatan wata rana kaya za su samu. Layin Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 140, an ƙaddamar da shi a farkon 2016, amma da yake bai haɗu da layin Kwatano zuwa Paraku na ƙasar Benin ba, bai samu kayan da za su hau shi ba. Kafin kowane sabon layi ka iya faɗin abin da zai ɗauka, tan nawa a wata, da wanda zai karɓa a ɗaya ƙarshen. Inda masana'anta take gefe kuma ba ta cancanci reshe ba, ka sa manyan motoci su kawo kayanta tashar jirgi da umarnin sauke wa wani ya ƙarasa. Kuɗin da za ka ga ya tashi da rawayen launi a lokacin lissafi ne kawai, na gaske sai kayan sun isa inda za su.

Fasinja suna da fa'idar da kwal ba shi da ita, wato jirgi yana cika a tafiya da dawowa, kuma garin da ake yi wa hidima yana girma ya ƙara yawan matafiya. Amma suna son gudu, saboda haka ka jira har ka samu kuɗin layi miƙaƙƙe tsakanin manyan garuruwa biyu, ka sa motocin safa su riƙa tattaro mutane daga unguwanni zuwa tasha. Tallafin da ake sanarwa lokaci-lokaci, inda wanda ya fara haɗa wasu wurare biyu yake samun ninkin kuɗi na shekara guda, yana da daɗi idan ya faɗo kusa da layinka. Idan sai ka gina sabon layi dominsa, ka tambayi kanka ko layin zai ci gaba da ciyar da kansa bayan shekarar ta ƙare.

Jirage suna tsufa, lalacewarsu tana yawaita, makin tasha kuma yana sauka tare da su. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye a saitin kamfani, ka gina gareji a gefen babban layi inda jirgi zai shiga gyara ba tare da ya bar hanyarsa ba, kuma idan sabon kan jirgi ya fito, kamar SH 8P mai kilomita 144 a sa'a a tsakiyar shekarun 1950, ka yi amfani da umarnin musanya ka canza su rukuni-rukuni. Da yake wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ka riƙa adana wasan kafin kowane babban gini.

A ƙarshen kowace shekarar wasa ka buɗe jerin jiragenka ka tsara su bisa ribar bara, daga ƙasa zuwa sama. Akwai maki 100 da ake bayarwa idan abin hawa mafi ƙarancin riba cikin waɗanda suka haura shekara biyu ya kawo fam 10,000, don haka tsohuwar motar safa guda da ka manta da ita a wani ƙauye tana iya hana ka su duka. Wanda ka samu a ƙasan jerin ka duba ko yana jiran lodin da ba ya zuwa ne, ko ya ɓace a wata mahaɗa, ko masana'antar da yake yi wa aiki ta rufe. Idan babu gyara, ka tura shi gareji ka sayar.